Wayar Dish da ta Eriya: Me Ke Cinye Sigina Tsakanin Rufi da Ɗaki?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Damina ta ƙarato, kuma kowa ya san da an yi ruwan farko ƙorafin masu dish zai fara yawa a Katsina: tasha ta ɗauke, hoto yana kakkaryewa, rabin tashoshi babu. Mai gida zai ce dikoda ce, wani ya ce kwandon ne ya goce, alhali sau da yawa laifin yana cikin wayar da ta sauko daga rufi. Ina so masu sana'ar su buɗe mana maganar wayar koksiyal, wato wayar dish, da ta eriya, da ta kyamara. Wace ce ta kirki, me ke kashe ta, yaya ake gane ta mutu?

Mai Haɗa Dish, Kofar Kaura: Wa alaikumus salam Shugaba. A fara da rabe ciwo biyu da mutane ke haɗawa. Idan hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da ƙarfi, hoto ya ɗauke, sannan ya dawo da an ɗauke ruwan, wannan ba laifin waya ba ne. Ruwan sama ne ya tare siginar tauraron a hanya, maganinsa babban kwando, a bar mai santimita 60 a koma mai 90, a kuma saita shi sosai. Amma idan an yi ruwa daren jiya, yau rana ta fito tar, hoto bai dawo ba ko yana yi yana tsayawa har kwana biyu ko uku, to ruwa ya shiga waya. Hau ka kwance kan wayar da ke jikin LNB, wato na'urar da ke gaban kwando tana karɓar sigina. In ka ga farin gari kamar toka a jikin saƙar ƙarfen da ke ƙarƙashin rigar wayar, alminiyam ne ya ci ruwa. In ka ga kore ko baƙi, jan ƙarfe ne. Kuma kada ka yanke ɗan yatsa guda ka ce ka gama, saƙar nan tana jan ruwa kamar lagwanin fitila. A riƙa yankewa rabin mita rabin mita har sai an iske inda take ƙyalli, a bushe. In an yanke mita biyu ko uku ba a iske ba, a canja wayar gaba ɗaya.

Almajirin Sana'a: Oga, Allah shi ƙara sani. Amma waya ai waya ce, tunda ƙarfen tsakiya bai tsinke ba me ya sa ɗan ruwa zai hana sigina wucewa? Wayar wuta tana jiƙewa kuma ƙwai yana kamawa.

Malamin Lantarki: Tambayarka ita ce tushen maganar, ƙanena. Wayar koksiyal hawa huɗu ce: ƙarfen tsakiya, farin soson da ya lulluɓe shi, garkuwa wadda ta ƙunshi takardar alminiyam da saƙar zare-zaren ƙarfe, sai rigar waje. Siginar rediyo tana tafiya ne a cikin sararin da ke tsakanin ƙarfen tsakiya da garkuwa, wato a cikin farin soson nan kansa. Shi ya sa kaurin ƙarfen tsakiya, da faɗin soson, da irin robar da aka yi shi da ita, su ne ke ba waya lambarta ta om 75 ko om 50, wato ma'aunin turjiyar da sigina ke gamuwa da ita. Ɗauki RG-6, wayar dish da aka saba: ƙarfen tsakiya kusan milimita 1, soso kusan milimita 4.6. Wannan rabon na ɗaya da huɗu da rabi, da soso mai iska a ciki, shi ke ba da om 75. Da ka matse wayar da ƙusa, ko ka lanƙwasa ta ta karye, ko ruwa ya maye gurbin iskar da ke cikin soson, rabon ya canja a wurin. Sigina in ta zo nan, wani kaso ya wuce, wani ya juyo baya, wani ya zama zafi. Ruwa kuwa ya fi komai ɓarna, domin lambar riƙe cajinsa ta kai 80, ta soson ba ta wuce ɗaya da rabi ba.

Tsarin kuma ba sabo ba ne. Oliver Heaviside ya yi rajistar fasahar a Ingila tun 1880, sannan Lloyd Espenschied da Herman Affel na Bell a Amurka suka shigar da tasu a 1929. Haruffan RG da muke faɗa kullum daga jerin lambobin kayan sojan Amurka suka samo asali. Yau kowace masana'anta tana buga RG-6 a jikin wayarta, lambar tana gaya maka girma ne kawai, ba ta gaya maka inganci.

Mai Shagon Waya, Babbar Kasuwa: Malam ya taɓo inda nake so. Mai saye ya zo da mayen ƙarfe a aljihu. Ka fere bakin waya ka kanga mata, in ƙarfen tsakiya ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. In bai manne ba, kankare shi da reza: ja har ciki, jan ƙarfe ne zalla, fari a ciki kuma yana karyewa da ka lanƙwasa shi sau biyu ko uku, alminiyam ne aka shafe. Wannan na ukun shi ne mafi muni. Sai ka buɗe riga ka dubi saƙar. Ta kirki tana rufe aƙalla kashi 60 na jikin takardar, wata kuwa zare goma sha ne kawai aka watsa. Ka ja takardar alminiyam ɗin, ta kirki a manne take da soso. Sannan a kula da tsawo: akwai naɗi mai yadi 100, wanda mita 91 ne, akwai mai mita 100, akwai babban mai mita 305. Ni dai shawarata kowa ya sayi jan ƙarfe zalla ya huta, araha ba ta ado.

Mai Haɗa Dish, Kofar Kaura: Alhaji, a nan ban bi ka ba. Wadda mayen ƙarfe ke kamawa ba jabu ba ce. Manyan masana'antu da gangan suke yin ta, kuma ita ce aka fi aiki da ita a wayar talabijin a duniya. A gidan da tsakanin kwando da dikoda bai wuce mita 15 ko 20 ba, babu wani bambancin da ido zai gani. Ƙarfenta ma ya fi tsayawa tsaye a cikin kai, ba ya lanƙwashewa in ana ɗaurawa. A sa talaka ya biya kuɗin jan ƙarfe zalla saboda mita 12, an ɗora mashi nauyin da bai zama dole ba.

Malamin Lantarki: Ku biyun kowa ya riƙe gefe guda na gaskiya. Sigina mai saurin kaɗawa ba ta shiga cikin ƙarfe, a fatarsa take gudu. A megahaz 1000 zurfin da take shiga cikin jan ƙarfe kusan maikuron 2 ne, kashi biyu cikin dubu na milimita. Saboda haka shafen jan ƙarfen ya ishe ta, bai dame ta ba ko mene ne a ciki. Nan Mai Dish ya yi daidai.

Amma wayar dish aiki biyu take yi. Tana sauko da sigina, tana kuma hawa da wuta. Dikoda na tura bolt 13 in tana son tashoshin da siginarsu ke zuwa a tsaye, bolt 18 in tana son waɗanda tasu ke zuwa a kwance, da ƙaramin sauti na kilohaz 22 da ke gaya wa LNB ya koma babban zango. Ita wannan wutar duk kaurin ƙarfen take bi. Jan ƙarfe zalla mai kaurin RG-6 yana da turjiyar kusan om 2 a mita 100. Baƙin ƙarfe mai shafe yana kai wa om 9 ko 10, ka ƙara na saƙar alminiyam ya zama kamar 12. In LNB da suwici suna jan miliamfa 300, a mita 100 ka yi asarar fiye da bolt 3 da rabi. Bolt 18 ya isa sama yana 14 da ɗoriya, LNB ya ɗauka 13 ake nufi, sai tashoshin kwance duka su ɓace, na tsaye suna nan lafiya. Duk wanda ya ga rabin tashoshi sun tafi a doguwar waya, ya auna wutar da ke isa sama kafin ya zargi kwando. Ga mai motar juya kwando ko mai doguwar tafiya, maganar Alhaji ce daidai.

Mai Kyamara, Daura: Ranka shi daɗe Malam, bari in ɗora a kan wannan, domin a aikin kyamara kuskuren ya fi tsada. Mutane na ɗauko ragowar wayar dish su ja wa kyamarar tsaro. Hoton kyamara irin su AHD da TVI ba a ɗora shi a kan babban zango ba, yana farawa ne tun daga ƙasa-ƙasa har zuwa 'yan megahaz goma-goma. A can ƙasa sigina tana nitsewa cikin ƙarfen sosai, sai ta iske baƙin ƙarfe. Sakamakon shi ne hoto dishi-dishi, launi ya wanke, ko ratsi yana bin allo. Abin da ya dace shi ne RG-59 mai jan ƙarfe zalla a tsakiya da saƙar jan ƙarfe mai rufe kashi 95, da kai na BNC. Da ita ana zuwa mita 200 zuwa 300 hankali kwance.

Abu biyu kuma. In ka ga wani baƙin ratsi mai faɗi yana hawa a hankali daga ƙasan allo zuwa sama, wutar gida mai haz 50 ce ta shiga. Ko dai an jera wayar da ta wuta a bututu ɗaya, ko jikin kyamarar ya taɓa ƙarfen gini alhali na'urar naɗi tana da nata haɗin ƙasa daban. A ɗora kyamarar a kan katako ko akwatin roba, a raba ta da ƙarfen. Na biyu, kyamarar da ke aiki da rana ta mutu da magariba, ba koksiyal ba ce. Fitilun ganin dare ne suka kunnu suka ƙara jan wuta, siririyar wayar bolt 12 ta kasa kaiwa. A ƙara kaurin wayar wutar ko a matso da adafta kusa.

Ɗalibar Injiniya: Assalamu alaikum iyayena. Ina neman ƙarin haske a kan om 50 da om 75. In duka biyun koksiyal ne, me ya kawo lamba biyu? Kuma in mutum yana da RG-6 a hannu, me zai faru in ya haɗa ta da rediyon oba-oba na mota ko na ofis?

Injiniyan Gidan Rediyo: Wa alaikumus salam ɗiyata. Lissafin da aka yi tun farkon fasahar ya nuna cewa waya mai iska a tsakani ta fi ƙarancin asara a wajen om 77, ta fi ɗaukar ƙarfin wuta a wajen om 30. Mai karɓar sigina kawai, kamar talabijin da dish, damuwarsa kada 'yar siginar da ya kamo ta zube a hanya, sai aka ba shi 75. Mai watsawa yana son duka biyun, sai aka tsaya a tsakiya, 50. Shi ya sa tiransimita, da oba-oba, da turakun sadarwar waya, da rawta duk om 50 ne.

In kika haɗa 75 a na'urar 50, mitar SWR, mai auna ƙarfin da ke juyowa baya, za ta nuna kamar 1.5, wato kashi 4 cikin 100 na ƙarfin yana juyowa. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, kuma ga karɓa kawai ba za a ma lura ba. Inda matsalar take, kawunan ba su dace da juna ba, saƙar alminiyam ba ta kama dalma, kuma in eriyar ma ba a saita ta daidai ba sai kuskure ya hau kan kuskure. SWR na 2 kashi 11 ne ke dawowa, na 3 kashi 25. Abin da ya dawo a kan tiranzistan ƙarshe yake sauka, ya yi zafi, in babu kariya ya ƙone. Ga oba-oba na mota, RG-58 ta wadatar tunda tafiyar mita 4 ko 5 ce. Ga na ofis mai eriya a kan dogon ƙarfe, RG-213 ko LMR-400.

Almajirin Sana'a: Yallaɓai Injiniya, desibal ɗin nan da ake rubutawa a kwali fa? Ana cewa waya kaza tana da asarar kaza, mu dai lamba muke gani.

Injiniyan Gidan Rediyo: Riƙe biyu kawai. Desibal 3, rabi ya tafi. Desibal 10, kashi ɗaya cikin goma ya rage. Sauran haɗawa ne: 6 rubu'i, 20 ɗaya cikin ɗari. Kuma asara tana ƙaruwa da tsawo, tana ƙaruwa da hawan zango.

Ga misali da dish. Tauraro na aiko da sigina tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wadda waya irin tamu ba za ta iya kai ta ko'ina ba. LNB ne ke sauko da ita zuwa megahaz 950 har 2150, da lambobin nan 9750 da 10600 da kuke gani a saitin dikoda. A megahaz 1000, RG-6 tana cin kusan desibal 21 a mita 100, a 2150 tana cin 30 ko fiye. RG-59 ta fi haka ci, shi ya sa ba ta dace da dish ba. RG-11 mai kaurin milimita 10 tana cin kamar 14 a megahaz 1000. Kun ga dalilin da waya in ta fara lalacewa wasu tashoshi ke riga wasu mutuwa, waɗanda suka faɗo a saman zangon su ne farkon tafiya.

A gidan rediyon FM lissafin kuɗi ne tsagwaronsa. Tiransimita mai wat 1000, waya mita 60 zuwa kan hasumiya, a wajen megahaz 100. Da RG-213 asarar kusan desibal 4 ce, wat 400 ne zai isa eriya, sauran 600 ɗumama waya suke yi, an ƙona man janareta a banza, wayar ma ba za ta daɗe ba. Da mai jikin bututun jan ƙarfe ta rabin inci, kamar wat 740 zai isa. Da mai inci 7/8, kamar 850. A kuma tuna masu ƙera waɗannan wayoyi suna lissafin ƙarfin da za su ɗauka ne a zafin digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce haka, balle jikin ƙarfe a tsakiyar rana. Dole a bar rata mai yawa.

Wani tarko da ke kama masu gyara: waya mai yawan asara tana ƙawata SWR. In wayar na cin desibal 5, ko an cire eriyar gaba ɗaya mitar da ke ƙasa za ta nuna ƙasa da 2, domin abin da ya juyo ya sake bin wayar ya ƙara raguwa. In SWR ya gyaru da kansa bayan damina alhali masu sauraro na nesa suna cewa ba sa ji, a zargi ruwa a waya.

Mai Shagon Waya, Babbar Kasuwa: To ai don irin wannan asarar aka yi busta. Ƙaramar nan da ake sa wa a tsakiyar waya, mai desibal 20, tana mayar da abin da ya zube. Ana sayenta sosai.

Mai Haɗa Dish, Kofar Kaura: Ana sayenta Alhaji, amma mafi yawa ba a inda ya dace ake sa ta ba. Dikoda na nuna sanda biyu, ƙarfi da inganci. Busta tana ɗaga ƙarfi, ba ta iya ƙirƙiro inganci. In kwando bai saitu ba ko waya ta sha ruwa, hayaniyar take ƙarawa tare da siginar, sai ka ga ƙarfi 90 inganci 20, hoto babu. A gajeruwar waya ma cika dikodar take yi har ingancin ya faɗi. Amfaninta ɗaya ne: waya lafiyayya wadda ta wuce kamar mita 50 ko 60, kuma a sa ta can wajen kwando ko tsakiyar tafiya, kafin siginar ta nitse, ba a bayan talabijin ba. In da hali, a ja RG-11 a manta da ita.

Haka abin raba sigina. Mai baki biyu yana cin kusan desibal 4 a kowane baki, mai baki huɗu 7 zuwa 8. A duba rubutun jikinsa: mai megahaz 5 zuwa 1000 na eriyar ƙasa ne, na dish sai mai kaiwa 2400 kuma mai barin wuta ta wuce. Ko da shi ɗin, dikoda biyu a kan LNB mai baki ɗaya rigima ce, wannan na neman 13 wancan na neman 18, mai 18 ya yi rinjaye, ɗakin amarya ya rasa tashoshinsa. A sayi LNB mai baki biyu ko huɗu, kowa da wayarsa.

Mai Shagon Waya, Babbar Kasuwa: Na karɓi gyara a kan busta. Amma a kan jan ƙarfe ina nan a kan bakata, domin mai saye ba ya sanin ko gobe zai ƙara tsawo ko ya sa mota.

Ɗalibar Injiniya: Baba Injiniya, masu sa eriyar waje wa rawta don intanet a unguwannin bayan gari fa? Wasu na cewa sun sa babu abin da ya ƙaru.

Injiniyan Gidan Rediyo: Wayar ce ke cinye ribar. Eriyar waje tana ba da ƙarin kamar desibal 9 zuwa 11. A megahaz 1800, mita 10 na RG-58 na cin 8 ko fiye, an koma gidan jiya. LMR-400 a wannan tsawon ba ta kai 2 ba. A 2600 ko 3500 abin ya fi haka tsanani. Dabarar da ta fi ita ce a kai rawtar kusa da eriya, a cikin akwatin da ruwa da rana ba sa shiga, koksiyal ta zama mita 1 ko 2, sannan a sauko da wayar intanet ta kwamfuta, wadda ke zuwa mita 100 lafiya. A kula da kai kuma: SMA na layin waya da RP-SMA na Wi-Fi suna ɗauruwa da juna tsaf, amma allurar tsakiya a juye take, sai ka ɗaure rami da rami, babu abin da ya taɓa wani. Ita kuwa bustar layin waya mai amfani da wuta, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sha gargaɗi a kan sa ta ba da izini ba, domin tana dagula wa maƙwabta layi.

Almajirin Sana'a: Oga, a ba mu yadda ake ɗaura kai daidai. Kowa da yadda yake yi.

Mai Haɗa Dish, Kofar Kaura: Kashe dikoda daga soket tukuna. Akwai wuta a wayar, zare ɗaya na saƙa in ya taɓa ƙarfen tsakiya ya isa ya kashe sashen da ke ba LNB wuta. Yanke bakin waya daidai. Fere milimita 6 har ƙarfen tsakiya ya fito, kada rezar ta yi mashi zane, tunda an ce a fatar sigina ke gudu, kuma nan yake karyewa daga baya. Sake cire riga kawai na wasu milimita 6. Mayar da zaren saƙar baya a kan riga, ka bar takardar alminiyam a manne da soso. Duba da kyau ko wani zare ya naɗe a tsakiya. Tura kai har farin soson ya zo daidai da gindin ramin, ƙarfen tsakiya ya leƙo kamar milimita 2 daga bakin. In ya yi tsawo yana lalata ramin dikoda, in ya gaza ba ya taɓawa.

Kai na murɗawa a bar shi a cikin ɗaki. A waje a sa na matsewa, wanda ake dannawa da filayarsa, yana da zoben roba a ciki. Bayan an ɗaure, a naɗe da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ana ja yana miƙewa, daga ƙasa zuwa sama kowane zagaye ya hau rabin na baya, sannan a bi da baƙin salatef saboda rana. Salatef shi kaɗai, zafin bazara ɗaya ya ishe shi ya saki, ƙurar hunturu ta shiga gam ɗin, damina ta zo ta iske ƙofa a buɗe.

Kafin waya ta shiga bango a sauko da ita ƙasa da ramin ta yi ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya sannan ta hau, ruwa ya ɗige a nan. Ramin a huda shi yana gangarowa waje. Kada lanƙwasa ta fi ƙunci da kamar santimita 7, a kwatanta da zagayen gwangwanin madara babba. Kilif mai milimita 7, duk santimita 40 ko 50, a buga shi ya riƙe ba ya matse ba.

Mai Kyamara, Daura: A ƙara da rana da kwano. Farar waya ta ɗaki ce, a waje shekara biyu ko uku rigarta ta farfashe. Baƙa ake sa wa a waje. Kada a shimfiɗa ta a kan kwanon rufi, zafin na tausasa soso, ƙarfen tsakiya ya gusa gefe a inda aka lanƙwasa, bakin kwanon kuma yana yanka ta in iskar farkon damina ta taso. In za a bi ƙasa ko cikin silin, a sa ta a bututun roba saboda gara da ɓera. Tsakaninta da wayar wuta a bar kamar taƙi guda, in dole su haɗu su gitta juna.

Malamin Lantarki: Saura gwaji da mita, da tsawa. A cire waya daga ɓangarorin biyu. Auna tsakanin ƙarfen tsakiya da jikin kai: bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta yi ƙara, akwai inda suka haɗe. Sai a haɗe su da gangan a ɗaya bakin a sake aunawa: a mita 20 ko 30, om kaɗan za a gani, daga ɗaya zuwa huɗu gwargwadon irin ƙarfen. In ba ta nuna komai ba, ta tsinke. Kada wani ya nemi ganin 75 a mita, wannan lambar ba a auna ta da batir. In mitar tana auna kafasita, RG-6 tana da kusan fikofarad 53 a kowace mita. Wayar da ta tsinke a cikin bango in ta nuna 1060, tsinkewar tana wajen mita 20 daga inda kake, sai a fasa wuri ɗaya maimakon bango duka.

Tsawa kuwa, ba sai ta faɗo a kan kwando ba, ta kusa ma tana cusa wuta a doguwar waya. A sa ɗan ƙarfen haɗin ƙasa a kan koksiyal kafin ta shiga gida, a ja waya mai kaurin murabba'in milimita 4 aƙalla, gajeruwa kuma miƙaƙƙiya, zuwa sandar ƙasa, kuma sandar a haɗe ta da ta wutar gidan. Sanda biyu da ba su haɗu ba, bambancin da ke tsakaninsu ta cikin dikoda zai bi. Ƙasarmu ta Katsina da Daura rairayi ce mai bushewa, sanda ɗaya gajeruwa ba ta kamawa da rani, a nemi wuri mai danshi a kafa ta da zurfi. In hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi a kuma kwance koksiyal ɗin tun kafin ya iso.

Ɗalibar Injiniya: Malam, ɗan jan da kan waya ke yi wa mutum in ya taɓa shi fa, ko da babu hadari?

Malamin Lantarki: Daga na'urar wutar dikoda ko talabijin yake. Masu filogi mai ƙafa biyu suna da ƙananan kafasita da ke barin jikin na'urar yana shawagi a kusan rabin wutar gida, mita na iya nuna bolt 100 ko fiye, amma abin da ke gudana kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka ya isa ya yi tartsatsi ya kashe sashen kama tashoshi in an ɗaura waya na'ura tana kunne, kuma ya isa ya firgita wanda ke kan tsani ya saki hannu. Haɗin ƙasan da na ambata yana kawar da shi. In jan ya yi ƙarfi har yana riƙe hannu, wannan wani abu ne daban, a kashe komai a duba wayarin ɗin gidan.

Almajirin Sana'a: Tambaya ta ƙarshe Oga. In waya ta gaza da mita biyu, a murɗa ƙarfe da ƙarfe a naɗe da salatef, ko dole a sayi sabuwa?

Mai Haɗa Dish, Kofar Kaura: Kada ka murɗa. A wurin murɗin babu garkuwa, babu om 75, siginar turakun waya na 4G tana shiga ta nan tunda zangonsu ya faɗo cikin na dish da na eriya. Sa kai a kowane baki, ka haɗa su da ɗan ƙarfen haɗi mai rami biyu, asararsa ba ta kai desibal ɗaya ba. Ka yi ƙoƙari mahaɗin ya faɗo a cikin ɗaki ko ƙarƙashin inuwar rufi. In dole a waje ne, tef mai narkewa, kuma ka ɗaure shi a kwance a saman lanƙwasa yadda ruwa zai gangara ya bar shi ta kowane gefe.